Shafen Baƙin Dutse

An yi wata shekara, ba ta yi nisa da tamu ba, da mutane suka daina dasa itatuwa, don babu mai sa ran zama a inuwarsu. Dalili kuwa wani baƙin dutse ne, girmansa ya kai birni da ƙauyukansa, da aka hango yana tafe daga can ƙuryar sararin samaniya. Masana suka auna, suka sake aunawa, lissafi ya fito iri ɗaya: nan da shekara bakwai zai daki ƙasa, ƙurarsa ta rufe rana, shuka ta mutu, masu rai su bi ta.

Wadda ta fara ganin dutsen wata budurwa ce mai suna Barira, ma'aikaciya a wata cibiyar binciken taurari da ke kan tsauni. Tun ranar da ta gan shi a madubin hangen nesa, abinci ya daina yi mata daɗi. Manyan ƙasashe suka shirya harba masa makami nan da wata huɗu. Barira ta zauna ta yi nata lissafin, ta ga in aka fasa shi gutsattsarinsa dubu ne za su zubo a maimakon ɗaya. Ta rubuta, ta roƙa, ba wanda ya saurare ta. Sai ta tattara ta tafi ƙauyensu, Kwarin Ɗinya, wurin kakarta Iya Tabawa, don ta yi kuka inda babu mai kallonta.

Wata rana da hantsi tana zaune a tsakar gida tana share hawaye, Iya Tabawa tana tankaɗe.

"Ke likitar taurari," in ji tsohuwar, "in kukan ne matsa can, kada ki jiƙa mini gari. Tun da kika zo ko tsintsiya ba ki taɓa ba."

"Iya, duniya ce fa za ta ƙare."

"To, ta ƙare tsakar gida a share."

Ba ta rufe baki ba inuwa ta lulluɓe gidan. Wani amale, ƙaton raƙumi fari fat, tsayinsa ya fi rimi, ya sauko daga sama ya durƙusa a bakin rumbu ba tare da ya karya ko kara ɗaya ba. Wani dogon mutum ya diro daga bayansa, rawaninsa yana walƙiya, idanunsa a tsaye. Ya yi sallama cikin murya kamar ta tsawa mai nisa.

"Ya ke 'yar Adam mai dogon gani, ni ne Dumurƙu, jagaban ayarin Baƙin Dutse. Abin da kuke kira dutse, birni ne na fataken aljannu, muna tafe a cikinsa shekara dubu uku. Na riga ayari in duba hanya, na tarar da duniyarku a tsakiyarta. Na koma na faɗa wa Madugu, ya ce ba zai ratse ba. In kuka harbo makaminku mun hallaka, kun hallaka. In ba ku harbo ba, haka nan."

Barira ta miƙe. "To ni me zan iya, ya kai jagaba?"

"A al'adarmu, wanda ya fara hango ayari yana da haƙƙin tsayawa gaban Madugu ya yi magana, ba a katse shi. Ke ce kika fara hango mu. Za ki zo?"

"Zan zo," in ji Barira, tun kafin tsoro ya sami damar hana ta.

Iya Tabawa ta kakkaɓe hannu, ta shiga ɗaki, ta fito da mayafi da buta da ƙullin goro.

"Ya ke dattijuwa," in ji Dumurƙu, "tafiyar ba ta tsofaffi ba ce."

"Kai ma ai ba yaro ba ne. Budurwa ba ta bin baƙon namiji ita kaɗai, balle aljani. Durƙusar da abin nan da kyau in hau."

A cikin tozon amalen akwai ɗaki mai taga da shimfiɗu da iska mai sanyi. Suna shiga ya zabura. Kafin Iya Tabawa ta gama addu'ar hawa, Kwarin Ɗinya ya koma kamar ƙwayar gero, sannan duniya kanta ta bayyana a ƙarƙashinsu, shuɗiya, mulmulalliya, farin girgije ya yi mata lulluɓi kamar amarya. Barira ta ga hoton duniya sau dubu, amma yanzu da ta gan ta ido da ido sai ƙirjinta ya cika, ta ji in rai ake bayarwa a fanshe ta, ta bayar.

Ba su yi nisa ba amale ya ja birki. A gabansu wani kogi ne na tarkacen ƙarfe yana zagaya duniya a guje: matattun taurarin ɗan Adam, ɓaraguzan rokoki, kusoshi da wayoyi. A tsakiyarsa wata ƙatuwar aljana ce zaune, gashinta na waya, riƙe da tsintsiyar da ta kai tsawon hanyar kwana uku.

"Ni ce Uwar Bola," ta ce. "Shekara da shekaru ina share abin da danginku ke watsowa. Ƙasa ba ta ishe ku zubar da shara ba sai kun hau sama. Faɗa mini, ya ke 'yar Adam, wa ya zubar da wannan?"

Dumurƙu ya raɗa wa Barira, "Ki ce manyan ƙasashe ne. Ke ba ruwanki."

Barira ta dubi tarkacen. Can ta hango wani faifai mai ƙyalli kamar azurfa, ta gane shi. Na wani tauraro ne da cibiyarsu ta yi shekara biyar tana karɓar hotuna daga gare shi.

"Mu ne, Uwa," ta ce. "Wancan ma ni na ci amfaninsa, kuma ban taɓa tambayar inda ya kwana ba. Ba ni shi in ɗauka."

Uwar Bola ta ƙare mata kallo. "Duk wanda na tambaya sai ya nuna wani," ta ce. "Ɗauki kayanki ki wuce." Ta sa tsintsiya ta raba kogin biyu.

"Ga mace mai aiki," in ji Iya Tabawa suna wucewa. "Ba irin wasu ba."

Suka yi ta tafiya har wata ya koma bayansu. Ba zato rana ta yi tari, ta feso guguwar wuta mai faɗin ƙasashe dubu. Gashin amale ya fara toyewa, ya yi kuka ya durƙushe a sarari. Dumurƙu ya buɗe rigarsa ya tare, rigar ta kama da wuta.

"Faifan!" Barira ta yi ihu. "Miƙa shi tsakaninmu da rana!"

Suka baza faifan azurfar nan, ita da Dumurƙu suka riƙe shi da iyakar ƙarfinsu. Wuta ta dake shi ta koma inda ta fito. Da guguwar ta wuce, Dumurƙu ya duba taurari ya ga sun goce daga hanyarsu da tafiyar yini guda, alhali amale bai ɗaga ƙafa ba.

"Wa ya ture mu?" ya tambaya.

"Haske," in ji Barira tana haki. "Haske yana da hannu, sai dai mai laushi ne ƙwarai. Baƙin abu yana shanye shi. Abu mai haske kuwa yana mayar da shi, to wajen komawar sai ya ƙara tura abin."

"Ilimin 'yan Adam abin mamaki ne," in ji jagaba, ya gyara akala suka koma hanya.

Daga nan suka isa wani zango a kan wani tsibirin ƙanƙara, don amale ya huta. A ƙarƙashin wata busasshiyar bishiya mutum uku ne zaune a kan kujeru, kusa da su ga kujera ta huɗu babu kowa. Na farko jikinsa duk tsagewa ne kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe. Ta biyu mace ce mai lulluɓi, ƙudaje na bin ta. Na uku haƙoransa harsasai ne.

"Maraba da mai ceton duniya," in ji na farko yana dariya. "Ni ne Fari. Wannan Annoba, wancan Yaƙi. Nan ne Zangon 'Yan Jira. Zauna ki huta, 'yar Adam, wahalar me kike yi? Ko kin kau da dutsen, ni ina nan ina shanye tafkunanku kaɗan-kaɗan."

"In ya yi jinkiri, ni numfashi ɗaya ya ishe ni," in ji Annoba.

"Ni kuwa ba na ma tashi," in ji Yaƙi. "Su da kansu suke ƙera mini abin da zan gama da su."

Maganar ta shiga Barira kamar sanyi. Duk abin da suka faɗa ta karanta shi, ta san alƙalumansa. Ta nufi kujerar da babu kowa za ta zauna. Dumurƙu ya yi mata tsawa, don duk wanda ya zauna a nan ba ya ƙara tashi, amma ba ta ji shi ba.

Iya Tabawa ce ta fizgo ta. Tsohuwar ta tofar da tuƙar goro, ta dubi Annoba sama da ƙasa.

"Ke mai ƙudaje, kujerar wa ce wannan?"

Annoba ta kau da kai.

"Ni na san mai ita. Ta yayarki Agana ce. Ita ta ɗauke mini ƙanne biyu a mako ɗaya." Ta naɗe hannun riga, ta nuna wani tsohon tabo a dantsenta. "Kin ga wannan? Lamba ce. Muna yara aka jera mu a ƙofar gidan mai gari aka yi mana. Tun daga nan ina yayar taki? Kira ta mu gaisa."

Annoba ta ja lulluɓi ta rufe fuska. Ƙudajen ma suka yi tsit.

Barira ta ji jini ya dawo mata. Ta tsaya cak ta ce, "Ku ci gaba da jira. Mun taɓa tayar da ɗaya daga kujera, mun san yadda ake yi. In na dawo, ɗaya bayan ɗaya za mu bi ku."

Suka hau amale suka bar su suna harara.

A rana ta tara suka hango Baƙin Dutse. Yana juyawa a hankali kamar dutsen niƙa, baƙi ƙirin, har ya fi duhun da ke kewaye da shi. Da suka matso suka ga ganuwa da soraye da kasuwanni, duk an sassaƙa su daga jikin dutsen. Dubban aljannu suka fito kallonsu, kowa da baƙin tufa. Babu kiɗa, babu dariya, ko jaririn aljani ba ya kuka da ƙarfi.

Aka kai su fadar Madugu Gwarzamu. Yana zaune a kan buzu, gemunsa ya sauko har ƙasa ya yi gammo uku. A gabansa ga wata akala ta ƙarfe, kaurinta kamar kututturen kuka, ta ratsa ƙasan fadar ta shige cikin zuciyar dutsen. An ɗaure ta da sarƙa bakwai.

Barira ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, Madugu, ni ce na fara hango ayarinka. Na zo karɓar haƙƙina."

"Yi magana, ba mai katse ki."

Ta yi magana. Ta faɗa masa adadin masu rai a duniya. Ta ba shi labarin ƙamshin ƙasa in ruwan farko ya sauka, da yara masu koyon tafiya, da tsuntsayen da ke ƙetare hamada ba su ɓata ba. Ta ce ba ta roƙe shi ya juya baya ba, ya ja akala kamar faɗin gashi ɗaya kawai, shekara bakwai za su mayar da gashin nan tazara mai yawa. Ta yi maganar har muryarta ta dushe, aljannun fada suna sharar ƙwalla.

Madugu ya ɗago. "Kin yi magana mai kyau, 'yar Adam. Yanzu ji tawa. Shekara dubu da suka wuce wasu taurari suka roƙe ni in ratse musu, na ja akalar nan. Hanyar da na bi ta kai mu bakin Rijiya Marar Gindi, wadda ko haske ya faɗa ba ya fitowa. Rabin birnina ya ɓalle ya faɗa. A cikin rabin nan akwai matata, Yaƙutatu." Ya dubi akalar. "Na ga hannunta yana miƙo mini, har yau ina ganinsa. A ranar na rantse da Wanda ya halicce ni daga wuta, ni da mutanena ba za mu ƙara taɓa akalar nan ba. Inda dutsen ya nufa, can muka nufa. In mutuwa ce, na daɗe ina jiran ta."

"Har da mutanenka? Har da mu?"

"Rantsuwa ce. Haƙƙinki ya ƙare."

Barira ta kifa kai a ƙasa. Duk karatunta, duk tafiyar nan, sun zo sun tsaya a gaban sarƙa bakwai.

Iya Tabawa kuwa tun shigowarsu take bin bangon fadar da kallo tana taɓe baki. Ta lakato bangon da yatsa, ta duba, ta goge a zane.

"Wai ni kam, garin nan babu mata ne?"

Fada ta ɗauki salati. Dogarai suka zaburo, Madugu ya ɗaga hannu. "Wace ce wannan?"

"Tabawa ce, matar marigayi Tanimu. Tambaya na yi. Shekara nawa rabon bangon nan da shafe?"

"Tun ranar da Yaƙutatu ta tafi. A da birnin nan fari ne kamar nono, ita ke jagorantar mata su shafe shi duk shekara. Da ta tafi na hana. Ƙurar hanya ta mayar da shi haka."

"Auho! Takaba kake yi ke nan." Tsohuwar ta zauna a gabansa ba tare da an ba ta izini ba. "Namiji da takaba, har shekara dubu! Malam, ni ma na rasa nawa. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, ko ruwa ba ya sha sai na miƙa masa. Na yi wata huɗu da kwana goma ban shafa mai ba, ban yi kitso ba. Ranar da na fita, na yi wanka, na jiƙa farar ƙasa, na shafe ɗakina ciki da waje ina kuka. Ka zaci don na manta da shi ne? Don shi mai son tsabta ne. Yanzu matar nan taka, in aka ce ta leƙo ta ga garin da ta bari fari ya koma gindin tukunya, godiya za ta yi maka?"

Madugu ya runtse ido. Hawaye guda, girman tulu, ya gangaro ta gemunsa.

Barira ta ɗago kai a firgice. Farin launi! Dutse mai faɗin birni, fari fat, rana tana dukansa dare da rana har shekara bakwai! Ta fizgi gawayi daga murhun fada ta hau lissafi a daɓe. Ta cika taku goma da lambobi, ta koma farko ta sake bi. Sannan ta juyo.

"Ranka ya daɗe, ba zan ɓoye maka komai ba. In aka shafe birnin nan ya yi fari, hasken rana zai riƙa tura shi a hankali, har ya goce wa duniya. Babu mai taɓa akala, amma hanyarka za ta canza. Ba na so ka yarda a kan rashin sani."

"Ina za ta kai mu?" in ji Madugu. "Wancan karon ma ban san inda za ta kai mu ba."

"Wannan karon an auna." Ta zana masa hanyar a ƙasa, ta nuna masa inda za su wuce duniya, da inda za su zagaya rana, da sararin da ke gaba, fili fetal babu rijiya. Dumurƙu ya durƙusa ya bi zanen da yatsa, ya ce ya san hanyar, haka take.

Madugu ya daɗe yana kallon sarƙoƙin nan. Sannan ya miƙe tsaye, abin da bai yi ba shekara dubu.

"Akala tana nan a ɗaure, rantsuwata tana nan. Amma makoki ya ƙare yau. A shafe birnin Yaƙutatu!"

Sai dai babu farar ƙasa a dutsen. Nan ma Iya Tabawa ce ta tambayi abin da ke cikin rumbunan da ta gani jere a kasuwa. Aka ce kayan fataucinsu ne, farar kanwa da suka haƙo daga wata ƙaramar duniya mai tabkunan gishiri, wahalar shekara ɗari uku.

"Kanwa ma tana yi in an iya dama ta," in ji tsohuwar.

Fatake suka dubi Madugu. Ya ce, "A fasa rumbunan duka."

Aljannu masu gaggawa ne, kuma matan da suka san aikin sun tafi tare da Yaƙutatu. Kafin a ce musu komai, kowa ya cika hannu da garin kanwa ya watsa wa bango da ƙarfinsa na aljani. A can kuwa abin da aka jefa ba ya faɗowa. Garin ya tashi ya yi gajimare ya bi sarari, rumbu guda cur ya salwanta cikin ƙiftawar ido.

Barira ta duba lissafinta. "In aka ƙara asarar rumbu ɗaya, ba zai isa ba!"

"Ku tsaya, 'yan banza!" Iya Tabawa ta daka musu tsawa, aljannu dubu saba'in suka ƙame. "Wa ya ce muku shafe faɗa ne? Kai mai ƙaho, ajiye. A fara kankare baƙin nan tukuna. A narko ƙanƙarar rijiyoyinku a dama, kada ya yi ruwa, kada ya yi tuwo, kamar kunun jego. A yayyafa wa bango ruwa ya sha. Sannan tsumma, daga sama zuwa ƙasa, hannu ɗaya, ba a komawa baya. In ya bushe a sake, har sau uku. Kuma ba a yin shi da baki a rufe. Ina masu waƙa?"

Suka yayyage baƙaƙen tufafinsu suka yi tsummoki. Barira ta hau amale tana zagaya dutsen, tana raba unguwanni, tana nuna musu cewa tun da yana juyawa, ko taku ɗaya ba za a bari ba. Iya Tabawa tana bin layi da sanda tana duba hannun kowa. Wata tsohuwar aljana ta tuno waƙar da Yaƙutatu ke bayarwa, ta ɗaga murya, birni duka ya amsa. Madugu da kansa ya naɗe gemu a wuya, ya ɗauki tsumma, ya shafe ƙofar ɗakin matarsa yana kuka yana murmushi.

Kwana arba'in suka yi. A rana ta arba'in da ɗaya rana ta hasko birnin, ya ɗauki ido har sai da amale ya runtse. Barira ta kafa ma'auninta ta bi taurari uku da kallo, yini guda ba ta motsa ba. Da la'asar ta saki ihu.

"Ya motsa! Iya, ya motsa! Faɗin gashi ɗaya!"

Guɗar aljannu ta girgiza ganuwa. Madugu ya zo ya tsaya gaban tsohuwar ya sunkuyar da kai. "Ya ke Tabawa, zauna tare da mu ki zama uwar birnin nan."

"Wa zai ba awakina dusa? A dai riƙa sabunta shi duk shekara. Kuma a wanke tsummokin."

Dumurƙu ya mayar da su gida saura kwana shida a harba makami. Barira ba ta tsaya ko shan ruwa ba ta wuce cibiyarsu. Ta tarar da masana a rikice, don dutsen da suka sani baƙi ya wayi gari yana ƙyalli, ba wanda ya san dalili. Ta ce musu, "Dalilin dogon labari ne. Ku dai sake aunawa." Suka auna, cibiyoyin gabas da yamma suka auna. Aka ɗage harbi da wata guda, sannan da shekara, sannan aka kwance makamin gaba ɗaya. Kowace shekara tazarar tana ƙaruwa, kowace damina mutane suna ƙara fitowa da dashe a hannu.

Ranar da shekara bakwai suka cika, duniya duka ta fito waje. Da azahar tsaka, rana na sama, wani farin tauraro ya keto daga gabas, ya ratsa samaniya a natse kamar raƙumin da ya san hanyarsa. Aka yi ta kabbara, ana rungumar juna, waɗanda ba su taɓa gaisawa ba suna kuka a kafaɗar juna.

A Kwarin Ɗinya, Barira ta kafa madubin hangen nesa a tsakar gida, ta riƙo hannun kakarta, wadda yanzu sai da sanda.

"Zo ki ga aikinki, Iya. Yau duk mai numfashi a bayan ƙasa albarkacinki yake ci."

Tsohuwar ta kanne ido ɗaya ta leƙa. Ta daɗe tana kallo. Ta ga ganuwa fara sol, ta ga soraye, ta ga wani dogon gemu yana kaɗawa a kan hasumiya, da hannu a ɗage. Ta ɗaga nata hannun. Sannan ta ƙara matsawa, ta tsuke baki.

"Kin gani ko? Can wajen ƙofar yamma. Wancan mai ƙahon ne, na rantse. Sau biyu ya shafa ya gudu."

Barira ta fashe da dariya har hawaye suka zubo, ta rungume ta, farin birnin kuwa ya wuce lafiya ya nufi hanyarsa.